Ƙwayar Safe ta Mani Mai Rabon Goro

A Zangon Wagadugu, sama da shekara arba'in, ba a ɗaura aure ko a raɗa suna ba tare da an aika wa Mani tun jajibiri ba. Shi ba malami ba ne, ba shi da sarauta, bai kuma tara abin duniya ba. Goro yake rabawa. Baƙo zai ce wannan ai ba aiki ba ne, amma a Zango goron taro ba ɗiba ake yi ba, bayarwa ake yi, kuma kowane kaso da mai shi. Akwai na liman, akwai na Sarkin Zango, na dangin uwa da na dangin uba, na wanzamai, na mahauta, na Mosawa, 'yan ƙasar da ke maƙwabtaka, na tsohuwar da ba ta iya fitowa, har da na gidan da aka daɗe ba a shiri da su, don kada a ce an yanke zumunci. In aka ba wani kafin wani, ko aka tsallake gida guda, sai a yi shekara goma ana maganar. Duk wannan jeri a kan Mani yake.

Wajen mahaifinsa, Hamadu, Mani ya gaji aikin. Kakan Mani ne ya taso da jakuna daga ƙasar Hausa za shi Gwanja sayen goro, ya yada zango a nan, bai ƙara gaba ba, bai kuma koma ba. A shekarar da Nasara ya sauke tutarsa, Mani yana da shekara goma sha bakwai, idon Hamadu ya fara dushewa, sai ya zaunar da shi gefensa a tabarma. Abu biyu ya gaya masa. Kada ya taɓa goron mutane ba alwala, domin a kansa za a shafa fatiha. In kuma ya zauna, ya zauna ke nan, ba tashi sai goron ƙarshe ya bar hannunsa. Mata suna cewa in mai rabo ya tashi a tsakiya auren ba zai zauna ba. Hamadu bai kula da wannan ba. Ya ce shi abin da ya sani, jerin mutane kamar ruwa yake a cikin ƙwarya, kana miƙewa da shi zai zube.

Tun daga ranar Mani bai taɓa tashi ba. Sojoji sun hau sun sauka, an sake wa ƙasar suna, shi yana nan a tabarma da farantinsa, daga bayan asuba har hantsi ya dubi ludayi, ƙafa a naɗe.

Ranar da ba taro, rumfarsa yake zuwa kusa da babbar kasuwa. In huhun goro ya iso ta jirgin ƙasa daga Abijan, shi ake kira ya buɗe ganye ya tsince. Idonsa da babban yatsansa su ne kayan aikinsa. Ya ware marsa manya-manya, ya ware minu ƙanana, ya danna goro da yatsa ya ce wannan zai kai damina, wannan ya sha ruwa da yawa, a sayar da shi yau. Yakan ce goro ruwa yake so, ruwan ne kuma ke kashe shi, shi ya sa ake yayyafa wa algarara, tsumman buhun da ake rufe shi da shi, ruwa, ba a kwarara mata.

Matarsa Maimunatu ta rasu ta bar masa ɗa guda, Jibrilla. Ɗan fari ne, don haka sunansa bai taɓa fita bakin Mani ba, sai dai ya ce “yaron nan”. Jibrilla direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana hanyar Lome, in ya yi kwana huɗu a gida cikin wata an gode Allah. Mai kula da gidan ita ce matar Jibrilla, Salamata, 'yar unguwar Wemtenga, ubanta Bahaushe, uwarta daga Mosawa. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, tana buga takardu a wani ofishi. Shekara goma sha ɗaya tana gidan, ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba. Ta ajiye akushi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta ce, “Baba, ga abinci.” Shi kuma ya dubi bango ya ce, “Allah Ya yi albarka, uwar Fatu.” Da sunan 'yarta yake kiranta. Iyakar hirarsu ke nan. Amma duk huhun da ya buɗe sai ya ware marsa biyar mafi kyau ya ce a kai wa mahaifiyarta, ita kuwa tana iya gane lafiyarsa daga yadda yake jan takalmi a zaure.

Da takalmin ciwon ya fara. Ya ƙi shiga ƙafa. Bukari, tela ɗan Mosi da rumfarsa ke jikin ta Mani, abokin wasansa na shekara talatin, shi ya fara gani.

“Kai, tsohon Zango, ƙiba kake yi? Goron jama'a kake sacewa ashe!”

“Ka taɓa ganin goro ya sa ƙiba, jahili? Ku da ba ku san komai ba sai tuwon dawa ba miya.”

Suka yi dariya, amma dariyar ta ƙare wa Mani da tari. Da Bukari ya juya kan kekensa, Mani ya ɗaga ƙafar wando ya danna ƙwabrinsa da babban yatsa. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse. Ya daɗe yana kallonsa. Da goro ne, ya san abin da zai ce a yi da shi.

Daga nan tafiyar gida zuwa masallaci ta koma hutu biyu. Kwanciya ta gagara, sai ya jingina da bango ya tara matasai. Salamata ba ta tambaye shi ba. Ta jira Jibrilla ya kira daga hanya ta wayar maƙwabta, ta gaya masa, ya ce ta kai shi asibiti. Washegari ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, “Baba, ya ce a kai ka likita.” Tunda saƙon yaron nan ne, Mani ya sa rigarsa.

Likitar mace ce, shekarunta ba su wuce na Salamata ba. Daga kudu aka kawo ta, ba ta jin Hausa, Mosancinta kuma na gaisuwa ne. Dole Salamata ta zauna tsakaninsu, a gefe, kanta a ƙasa. Likita ta saurari ƙirjinsa da bayansa, ta danna ƙwabrinsa daidai yadda ya danna, ta sa aka ɗauki hoto. Sannan ta yi bayani da Faransanci, a hankali, Salamata tana juyawa. Zuciyarsa ta gaji, ta buɗe, ba ta iya tura jini kamar da, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Ba za ta koma sabuwa ba, amma in an rage mata kaya za ta iya ja da nisa. A rage gishiri, a bar dunƙulen miya na kanti, a bar kanwa. Ya riƙa hawa sikeli, in nauyi ya ƙaru cikin kwana biyu ko uku, ruwa ne, ya dawo. Ga ƙwaya iri biyu. Ja ta taimakon zuciya. Fara ƙarama ta fitar da ruwa.

A kan farar likita ta tsaya. Ta ce za ta sa shi fitsari sosai, awa uku ko huɗu bayan ya sha, don haka da safe ya fi, kada ta hana shi barci.

Salamata ta ji kowace kalma. Ta buɗe baki, ta kalli gefen rigar surukinta, ta rufe. Yaya za ta ambaci wannan abu a gaban uban mijinta?

“Baba, wai wannan za ta rage ruwan jikinka. Da safe kawai ake shan ta.”

“Da safe kawai,” in ji Mani.

A farmasi, wurin karɓar magani, aka zana masa rana tana fitowa a jikin kwalin, tunda ba ya karatun boko.

Kwana huɗun farko babu taro a Zango. Ya sha a gida, ya ga aikinta, ya yi ta zirga-zirga da buta ba wanda ya lura. Ƙafa ta saɓe. Takalmi ya shiga. Ya yi barci a kwance, ya tashi yana cewa lallai wannan yarinya ta san aikinta.

Rana ta biyar aka yi suna a gidan Alhaji Rabi'u, babban mai sayar da atamfa. Mani ya sha farar ƙwaya da kunu, ya yi alwala, ya tafi. Ƙwarya shida aka zube masa a gaba. Ya ba da na liman, ya ba da na sarki, ya shiga dangin uba, sai ya ji abin ya taso. Ya gyara zama. Ya daure har zufa ta keto masa. Mutum ɗari suna kallon hannunsa. Can ya ga in bai tashi ba, abin da ya fi tashi muni zai faru. Ya dafa ƙasa ya miƙe.

Kowa ya bi shi da kallo. Bayan gidan kuwa yana can ciki, sai an ratsa ta tsakiyar mata da tukwanensu. Wata tsohuwa ta ɗago daga bakin murhu ta ce, “Af, Mani, har an gama?” Ya wuce. Ya fito ya sake alwala a gaban kowa, ya koma ya zauna. Kafin ya gama dangin uwa ya sake tashi. Da ya dawo karo na biyu, jerin ya zube kamar yadda Hamadu ya faɗa. Ya tattara abin da ya iya, ya kai ƙarshe, aka shafa. Sai da mutane suka fara neman takalma, tsoho Mailafiya wanzami, wanda ya yi wa uban jaririn aski tun yana cikin zane, ya miƙe hannu wayam.

“Ashe mun mutu ba a gaya mana ba,” ya ce, ba da ƙarfi ba, ya fita.

Mani ya bi shi har gida da marsa goma daga rumfarsa. Mailafiya ya karɓa, ya ce ba komai. Amma shekara arba'in ba kuskure, ga shi an yi.

Da aka sake aiko masa ya zo rabon goro, ya ɗauki kwalin tun da duhu ya juya shi a hannu. Ya sha ja. Farar kuwa ya ɓare ta ya jefa cikin wani gwangwanin tumatir da yake ajiye allura, ya rufe da ganyen goro. Ba zubar da ita ya yi ba. A ransa kamar azumin da ya kuɓuce ne, in an samu sarari a rama. Da ya dawo da hantsi ya dubi zanen ranar da ke jikin kwali. An ce da safe kawai, safiya kuwa ta wuce. Shi mutum ne da aka koya wa cewa kowane abu da lokacinsa, kuma ba a yi wa mai sani gardama.

Da taro sau ɗaya ne a mako, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma a shekarar ne magana ta tabbata cewa hukuma za ta tashi Zango da wani ɓangare na unguwar Kuluba, a yi sababbin gine-gine. Aka zo da takardu, aka auna gidaje, aka shafa fenti a bango. Kowa ya san za a watse, wasu can kudancin gari, wasu wajen dangi a unguwar Widi, wasu inda Allah Ya kai su. Sai duk mai 'ya da aka yi wa baiko ya ce a ɗaura tun ana tare, tun liman yana nan, tun Mani yana nan. Auren da aka shirya wa baɗi aka jawo shi bana. Ga suna, ga sadakar bakwai, ga ta arba'in. Sai a yi kwana biyar a jere Mani yana kan tabarma. Ga Juma'a kuma, da yake shiga masallaci tun hantsi don sahun gaba. Gwangwanin ya fara nauyi.

Ranar komawa asibiti ta zo. Likita ta danna ƙafa, ta ɓata fuska. Ta tambaya ko yana shan magani.

“Baba, wai kana shan magani?”

“Alhamdu lillahi,” in ji Mani. Bai yi ƙarya ba, ja ba ta taɓa wuce shi ba.

Likita ta ce a tambaye shi sau nawa yake fitsari da safe, da yawa ne ko kaɗan.

Salamata ta murza bakin mayafinta. “Baba, wai… jikin yana sauƙi?”

“Da godiya.”

Ta juya ta ce da Faransanci, ya ce lafiya lau. Likita ta yi tunanin ƙwayar ce ta yi masa kaɗan, ta mai da ita biyu. Ta kuma dubi Salamata ta ce ta kula da tukunyarta.

Wannan magana ta tsaya wa Salamata a rai. Ta ɗauka laifinta ne. Ta raba tukunya, ta cire gishiri ɗungurungum, ta daina sa daddawar kasuwa don kada a ce an zuba mata gishiri, ta riƙa tashi da wuri ta daka masa tafarnuwa da citta ko miyar za ta ciwu. Mani yana cinye lamin miyar nan tas, ko ɗigo ba ya bari, don ya san wahalar da ta sha. Yana jin ta tana faɗa da mai waina a ƙofar gida, wai kada ta kuskura ta sayar wa Baba. Ya so ya kira ta ya ce ba tukunyarki ba ce. To, in ta ce mene ne, ya ce me?

Sikelin buhuna na kasuwa yake hawa, Bukari yana karanta masa. Wata safiya Bukari ya duba, ya sake dubawa, bai yi wasa ba.

“Kilo huɗu cikin mako guda. Mani, ni tela ne, na san faɗin wandonka. Me kake ɓoyewa?”

Abokin wasa ne, babu kunya tsakaninsu. Mani ya gaya masa duka.

Bukari ya riƙe baki. “Don fitsari? Don fitsari za ka kashe kanka? Liman ba ya yi? Sarki ba ya yi?”

“Ba sa yi a tsakiyar rabo.”

“To ka gaya wa likita mana, ta san dabara.”

“Ta bakin wa? Ta bakin matar ɗana?”

“Ni zan raka ka. Faransancina na kasuwa ya isa wannan.”

“In na bar ta a gida na tafi da kai, me za ta ɗauka? Ta ce na raina hidimarta. A'a. Bari bukukuwan nan su wuce. Saura kaɗan a watse, ba mai sake nemana. Sannan in zauna in sha abina kullum, har in rama na baya.” Ya kama hannun Bukari. “Ka rantse ba za ka kai maganar nan gidana ba.”

“Ku Hausawa da kunyarku, wata rana sai ta binne ku da rai.”

“Ka rantse.”

Bukari ya rantse. Har yau in ya tuna yakan ce wannan ce rantsuwar da ya fi nadama a rayuwarsa.

Ƙarshen abin ya zo ranar wata Asabar cikin damina, da aka haɗa aure uku a zaure guda. Mani ya je a bayan mobileti, ƙaramin babur na wani maƙwabci, ba takalmi, don babu wanda ke shiga. Aka zube masa goro tuli. Ya yi bisimilla ya fara. Muryarsa ba ta fita sosai, sai ya faɗi suna ya huta, ya miƙa ya huta. Gida shida ne ke da haƙƙi a wurin, kowanne da danginsa, wasu daga Widi, wasu daga can garin Bobo. Bai tsallake kowa ba. Na Mailafiya ma da hannu biyu ya miƙa masa. Da goron ƙarshe ya tafi aka shafa fatiha, mutane suka miƙe, shi bai miƙe ba. Ya dafa ƙasa, hannun ya ƙi. Leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa yana ƙara kamar ana zuƙar ruwa da kara. A tabarmar aka ɗauke shi.

A asibiti aka sa masa iska a hanci, aka yi masa allurar fitar da ruwa ta jijiya. Salamata ta koma gida ɗauko masa riguna. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa wuce bakin ƙofar ɗakinsa ba. Tana jawo jakar tufafi gwangwanin ya faɗo, farare suka watsu a ƙasa. Ta tsugunna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Sun wuce ɗari.

Ta same su a baranda, likita da Bukari. Ta miƙa musu gwangwanin. Bukari ya dube shi ya ce, “Ni na rantse ba zan kai maganar gidansa ba. Nan ba gidansa ba ne.” Ya faɗa da Mosanci, gatsal, ba sakayawa: tabarmar, alwalar, matan bakin murhu, goron Mailafiya. Salamata ta juya wa likita da Faransanci. Wannan karon ba ta bar kalma ko ɗaya ba.

Likita ta juya gwangwanin a hannu. Sannan ta ce, a hankali, “Shi ke nan? Ai da ya sha in ya dawo. Da azahar ma ya yi. Na ce da safe ne don ya samu barci kawai. Ai na faɗa.”

“Kin faɗa,” in ji Salamata. “Ni ce ban faɗa ba.”

Likita ta ce ba za ta yi musu ƙarya ba. Watannin nan zuciyar ta yi su tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinta, ƙoda ma ta taɓu. Za su yi iya yinsu. Ko da ya sha kullum ciwon ba warkewa zai yi ba, amma tana ganin da ya samu lokaci fiye da wanda ya rage masa yanzu.

Da la'asar Mani ya farfaɗo sosai. Yana jingine, ya ga Salamata ta shigo. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta zo har gaban gado ta durƙusa, ta ajiye gwangwanin kusa da hannunsa. Ya gan shi. Ya juya fuska bango.

“Baba,” ta ce, “ƙwayar nan fitsari take sawa. Likita ta gaya mini tun ranar farko, na ɓoye maka. Ta ce ko da azahar kana iya sha. Ta tambaye ka sau nawa kake yi, na canza tambayar. Ka yafe mini.”

Iskar da ke hancinsa tana ta ƙara.

“Ko da azahar,” in ji Mani, kamar mai auna goro a tafin hannu.

“Ko da azahar, Baba.”

Hawaye ya gangaro ya shiga gemunsa. Sannan ya juyo, ya dube ta, ido cikin ido.

“Tashi, uwar Fatu. Tarbiyyar da aka yi miki ce kika bi. Ni ma ita na bi.” Ya ja numfashi. “Miyar nan taki kuma, ba ita ba ce. Na daɗe ina so in gaya miki.”

Bayan kwana tara aka sallame shi. Jibrilla ya ajiye kamiyo ya dawo. Kowace safiya Salamata tana kawo ƙwaya da ruwa, ta tsaya ya haɗiye. Da azahar kafin ta koma aiki ta tambaye shi sau nawa, ya gaya mata, ta rubuta a takarda don likita. Da farko bango yake gaya wa, daga baya ya riƙa ɗaga mata yatsu. Ba ya ƙetare ko ɗaya yanzu. Amma ruwan ya daina jin magana. Ya sauka yau, jibi ya dawo. Daga gado zuwa bakin ƙofa ya zama tafiya.

An yi aure biyu a Zango cikin kwanakin nan, ba a aiko masa ba, don kowa ya san halin da yake ciki. Yana jin hayaniyar daga ɗaki. Bukari yakan zo da yamma ya zauna, ya zage shi, ya zagi kakansa mai jakuna, ko zai samu martani. Wata rana Mani ya ce a kira yaron nan, yana so ya faɗa masa jerin gidaje ya riƙe. Jibrilla ya zo da takarda. Suka kai gida na goma sha biyu, numfashi ya yanke masa, aka ce a bari sai gobe. Da gobe ta yi ya ce a bar shi kawai. Gidajen da za a jera, wata biyu suka rage musu a tsaye.

Ya rasu wata Talata da hantsi, a zaune, bayan ya sha ƙwayarsa.

Ranar sadakar uku, zauren ya cika har titi, domin babu gida a Zango da goronsa bai ratsa hannun Mani ba. Alhaji Rabi'u ya aiko da ƙwarya goma. Aka zube a faranti, aka ajiye a tsakiyar tabarma, a wurin da ya saba zama. Malamai suka gama addu'a, aka jira. Wannan ya dubi wancan. Jibrilla ya fito da takardarsa ya duba, ya mayar aljihu. Can liman ya ce a zagaya da farantin kawai, kowa ya ɗiba.

Aka zagaya. Kowa ya sa hannu ya ɗauki na gabansa. Da farantin ya iso wurin Mailafiya, tsohon ya dube shi, bai miƙa hannu ba, aka wuce da shi.

A cikin gida Salamata tana kwashe kayan ɗakin, don an riga an ba su ranar tashi. Ta ɗaure riguna, ta naɗe tabarma, ta ba da buta sadaka. Gwangwanin ne ta rasa yadda za ta yi da shi. Likita ta ce ta kawo a ba wani mai bukata. Ta ce to, za ta kawo. Ta rufe shi da busasshen ganyen nan, ta sa shi a ƙasan akwatinta.